Faranti Ɗaya da Malam Ravshan

Elyor bai taɓa ganin Malam Ravshan ido da ido ba, amma duk mai taɓa aikin kwamfuta a Samarkand ya san abin da Elyor ya yi wa Malam.

Malam Ravshan shi ne ya rubuta laburaren sikeli. Laburare muke ce masa ko da yake babu littafi a ciki: dunƙulen aiki ne da mutum ya rubuta ya ajiye a fili, kowa ya ɗauka kyauta ya ɗora nasa a kai. Nasa yana sa kwamfuta ta karanta nauyin da sikeli ya nuna, ba sai an kwafa da hannu ba. Ya yi shekaru yana kula da shi in ya taso daga koyarwa. Akwai wani tsohon lahani a ciki: in wuta ta kifta ana tsakiyar awo, sai kwamfuta ta maimaita nauyin buhun da ya wuce. Gab da kakar inabi Malam ya sanar a zauren Telegram na masu sana'ar cewa ya toshe lahanin a siga ta 3.2. Jin haka, ƙungiyar 'yan kasuwar zabibi ta ce za ta ɗora duk sikelinta a kan aikinsa, ta kuma ɗauke shi ya riƙa kula da su. Wannan ne karo na farko da laburaren zai ciyar da mai shi.

Shi kuwa Elyor yana aiki ne a wurin Maigida Bahodir, a wani ƙaramin ofis da ke saman shagon taya. Ya yi gyaran waya, ya yi kai saƙo a babur, bai zauna ko'ina ya daɗe ba sai nan. Laburaren Malam da yaren C aka rubuta shi, su kuma a ofis da Python suke aiki. Yarukan biyu ba sa jin juna sai an gina musu abin da muke kira gada. Elyor ne ya gina gadar, a tsaitsaye, kamar yadda yake yin komai.

Wata rana yana wani sito da suka saka wa manhajarsu, wuta ta kifta, nauyi ya maimaita kansa. Ya zare filogi ya mayar, abin ya sake. Nan take ya ciro waya ya ɗauki bidiyo. Ya nuna kusurwar allon inda aka rubuta siga 3.2 ɓaro-ɓaro, ya zare filogi, ya nuna buhu biyu masu bambancin girma da nauyi ɗaya. Ya tura a zaure da sunan da yake amfani da shi a can, Shaho, wanda hotonsa ma tsuntsu ne. A ƙasa ya rubuta: "Ga gyaran Malam. In hannu ya fara rawa, a matsa wa yara wuri."

Aka yi ta dariya. Bidiyon ya fita daga zaure ya zaga har ya isa wayar Alhaji Tursunboy, shugaban 'yan zabibi, shi kuma ya ce a dakata da maganar Malam tukuna. Maigida Bahodir ya dafa kafaɗar Elyor a gaban kowa, ya ce masa ya rubuta musu laburaren kansu, su za su kai wa ƙungiya. Har kujera mai juyawa ya saya masa.

Malam Ravshan layi ɗaya ya rubuta a ranar: "Na gode, ɗana. Zan duba." Daga nan sai ya riƙa leƙowa jefi-jefi yana faɗin abin da ya gwada, yana tambayar wane irin sikeli ne, wace irin waya aka jona. Sau ɗaya ya tambaya ko an tabbata 3.2 ce a kwamfutar siton. Elyor ya amsa: "Tana nan a bidiyo, Malam. Ko tabarau ɗin ma ya tsufa?"

Kaka ta yi nisa ana haka. Wata safiya Mohira, wadda ta riga shi shiga ofishin da shekaru, ta dawo daga wannan siton. Ita ke rubuta manhajar waya, kuma tana da tata gadar daban zuwa laburaren Malam. Ta ajiye jaka, ta tura ƙafar kujerarsa da takalminta har ta juyo da shi.

"Kai, tsuntsu. Zo ka ga ƙwan da ka saka."

"Yaya Mohira, ina aiki."

"Aikin ne na kawo maka."

Ta miƙa masa wayarta. Hoton allon kwamfutar siton ne, taga biyu gefe da gefe. Tasa ta ce 3.2. Tata ta ce 2.7.

"Taki ce ta haukace," in ji shi.

"Wataƙila. Amma tawa laburaren take tambaya kai tsaye, ta ce masa kai wane ne, ya faɗa mata da bakinsa. Taka wa take tambaya?"

Ya juya ya buɗe gadarsa, ya gangara har inda ake faɗin siga. Layi ɗaya ne, shi ya rubuta shi da hannunsa. Gadarsa ba ta tambayar kowa. Ranar da ya harhaɗa ta a kwamfutarsa, ta kalli laburaren da ke wurinsa, ta kwafi lambar, ta manna wa goshinta kamar hatimi. Duk inda aka kai ta, 3.2 za ta ce. A siton kuwa, ya kwafa musu sabon laburare ya tafi, bai lura akwai tsoho kwance a wata kusurwa da kwamfutar ke fara dubawa ba. Tsohon take ɗauka. Gyaran Malam bai taɓa aiki a siton ba ko da minti ɗaya.

Ya ji kujerar nan mai juyawa ta yi masa faɗi.

"Wa ya gani?" ya tambaya a hankali.

"Ni da kai."

"Za ki faɗa wa Maigida?"

"Ni na zagi tabarau ɗin dattijo? Kai ka rubuta, kai za ka sake rubutawa." Ta karɓi wayarta. "Amma kada ka daɗe, ƙanena. Mutumin nan yana can yana neman abin da babu."

Bai rubuta ba. Ya gyara gadar shiru, ya sa ta riƙa tambayar laburare da kanta. Ya koma siton ya cire tsohon, ya tsaya yana zare filogi yana mayarwa har mai gadi ya tambaye shi ko lafiya. Nauyi bai maimaita ba ko sau ɗaya. A cikin bas ya buɗe zaure ya fara, "'Yan'uwa, game da bidiyon nan," ya goge. Washegari ya sake farawa, Maigida ya shigo yana ce wa wani baƙo, "Ga shahon namu," ya sake gogewa. Mahaifiyarsa ta riga ta faɗa wa maƙwabta cewa ɗanta ya kama kuskuren malamin kwaleji. Mohira ta daina yi masa tsiya, wannan ya fi tsiyar ciwo.

Ana cikin haka Maigida ya tashi aurar da ɗansa, aka kira mutane cin osh na safe, wato dafa-dukar shinkafa da nama ta biki. Ana idar da sallar asuba layin ya cika da motoci, masu kakaki suna busa a bakin ƙofa. Maigida da danginsa sun jeru a ƙofar, hannu a ƙirji, suna karɓar baƙi. Elyor na cikin samarin da suka yi layi daga tukunya zuwa tebura suna miƙa wa juna faranti. Shinkafa na tururi, karas rawaya, nama a ɗore a sama. Faranti ɗaya na mutum biyu, a ci da sauri, a shafa addu'a, a tashi a ba wasu wuri.

Dattijon da ke zaunar da baƙi ya kamo hannun rigarsa.

"Kai, ajiye wannan ka zauna a nan. Ba ka ga baƙo shi kaɗai ba? Da bango zai ci?"

Baƙon ɗan ƙaramin mutum ne, kwat ɗinsa ta ɗan yi masa yawa, idanunsa jajaye a bayan tabarau. Elyor ya gaishe shi, ya zauna, ya gutsura masa gurasa, ya juya shayin a buta sannan ya zuba masa kaɗan a finjali ya miƙa da hannun dama. Suka sa cokali. Sai wani mai wucewa ya sunkuyo.

"A'a, Malam Ravshan! Ashe kana gari? Mun ɗauka sikeli ya haɗiye ka."

"Ya kusa," in ji baƙon yana murmushi. "Ya tauna ya ga ƙashi ne."

Elyor ya tsaya da cokali a hannu. A zaure hoton Malam bishiyar rumman ce. Shi ya daɗe yana ganinsa a ransa dogo, mai tumbi, mai ɗaga murya.

"Ci mana, ɗana," in ji Malam. "Kai ɗan gidan ne?"

"A'a, Malam. Ina ɗan taimaka wa Maigida ne a ofis."

"Kwamfuta?"

"Kaɗan-kaɗan."

"To ka san Shaho ke nan. An ce a wurinku yake."

Elyor ya kafa wa karas ido. "Ina ganinsa."

"Yana nan yau?"

"Yana... cikin masu rabon faranti."

Malam ya ɗaga kai ya bi layin samarin da kallo, ɗaya bayan ɗaya, kamar zai gane shi a fuska. Sannan ya girgiza kai ya koma ga abinci.

"Bar shi, kada a kunyata shi a gidan biki. In kun haɗu ka ce masa ban riƙe shi ba. Bakinsa da kaifi, amma ido ne da shi. Ni ma da ina kamarsa na taɓa sa wani farfesa ya fita daga aji." Ya kurɓi shayi. "Ka san har irin sikelin siton na nemo? Wani mai sayar da kankana ya ba ni aron nasa. Yana nan a falo. Na yi ta kashe wutar gida ina kunnawa har firij ya mutu. Matata ta ce ko dai ita ko sikeli, na ce ta ba ni lokaci in yi tunani."

Ya yi dariya. Elyor ya ja leɓensa ya ga dariyar ba ta zo ba.

"Ban gan shi ba," in ji Malam, muryarsa ta sauka. "Lahanin. Na bi layi-layi, na bi daga ƙasa zuwa sama. A wurina ba ya fitowa. Amma ga shi a bidiyo, 3.2, ƙuru-ƙuru. Allo ba ya ƙarya. To mutumin da yaro zai ga abu a aikinsa shi ya kasa gani, bai kamata a damƙa masa sikelin mutane ba. Manomi ya yi shekara yana shanya inabi, a zo a auna masa buhun wani? A'a." Ya nuna ƙofa da haɓa. "Shi ya sa na zo. An ce Alhaji Tursunboy zai zo. Gara in faɗa masa a fuska cewa na janye, ya ba masu ido. Ba a irin wannan magana a waya."

Ya sa bayan cokali ya turo tsokar naman da ke tsakiya zuwa gefen Elyor.

"Malam, naka ne."

"Haƙorana sun yi ritaya kafin ni. Ci. Tun asuba kake tsaye."

Elyor ya so ya faɗa masa gaskiya nan take. Kalma huɗu ce ko biyar. Ya duba teburin: dattawa a dama, dattawa a hagu, wani na ba da labarin farashin mai. Ya ce a ransa bari wancan ya gama. Da ya gama, ya ce bari a ƙara shayi. Ana ƙara shayi, liman da ke kan tebur ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, aka shafa, kujeru suka ja baya a tare. Malam ya dafa kansa.

"Allah ya yi maka albarka. Ka iya zama da manya."

Ya tafi. Elyor ya miƙe ya fara tattara farantan teburin, don hannunsa ya sami abin yi. Ya ɗora nasu a sama, naman na nan inda Malam ya turo shi. Hanyar tukunya na hagu. Ya tsaya da kayan a ƙirji yana kallon dama, inda ƙaramar kwat ɗin nan ke kutsawa cikin jama'a. A bakin ƙofa Alhaji Tursunboy na tsaye da sandarsa yana sallama da Maigida. Malam ya isa, ya sa hannu a ƙirji, ya ɗan rusuna.

Elyor bai san sanda ya taka ba. Ya dai ji wani ya ce, "Kai, ina za ka da kwanukan wanke-wanke?" Ya isa daidai Malam na cewa, "Alhaji, dama wata 'yar magana ce, ba zan tsayar da kai ba. Game da aikin nan..."

"Malam, kada ka faɗa."

Su uku suka juyo. Yaro, da farantai masu maiƙo, ya katse manya a ƙofar biki. Kawunnan ango da ke jere suka daina gaisawa da mutane.

"Elyor," in ji Maigida, murmushin karɓar baƙi na nan a fuskarsa, amma ba a idonsa ba. "Tukunya na can."

"Ni ne Shaho, Malam." Muryarsa ta fito siririya, sai da ya maimaita. "Ni ne. Gyaranka lafiya lau yake. Ba 3.2 ce a siton ba, 2.7 ce. Gadata ce ke faɗin lambar da ba ita ba. Na ɗaure lambar a ciki tun ranar da na harhaɗa ta, ba ta tambayar laburare."

Malam ya dube shi, ya dubi farantan.

Alhaji Tursunboy ya buga sandarsa a ƙasa. "Ni fa ban san gada ba, ban san bakwai da biyu ba. Zabibi na sani. Yaro, yi mini magana irin ta mutane. Bidiyon nan da aka turo mini, aikin wa na gani yana ƙarya?"

"Tsohon aiki ne, Alhaji, wanda Malam ya riga ya gyara. Ni na liƙa masa sunan sabo."

"Da gangan?"

"A'a, wallahi. Gaggawa ce."

"Gaggawa," in ji Alhaji, ya juya ya kalli Maigida. "Wannan ne shahon da ka ce zai rubuta mana namu?"

Maigida ya juya wajen ƙofa. Yana gyaɗa wa wasu baƙi kai suna wucewa.

Malam kamar bai ji su ba. Ya matso kusa da Elyor, ya yi magana ƙasa-ƙasa, irin ta masu sana'a ɗaya.

"Ka gwada da ta gaskiyar?"

"Na gwada."

"A siton? Da wannan sikelin?"

"Da shi. Na yi ta zarewa har hannuna ya gaji. Bai maimaita ba."

Malam ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ja numfashi mai tsawo, kafaɗunsa suka sauka, har bakinsa ya fara motsi kamar zai yi dariya. Sai abin ya tsaya.

"Yaushe ka gwada?"

Elyor ya ji kakakin ya yi nisa. "Makon jiya."

"Makon jiya." Ya mayar da tabarau ɗin a hankali. "Shekaranjiya na rubuta a zaure ina roƙon ko wani zai ara mini wayar jona sikeli irin ta siton. Ka gani?"

"Na gani."

"Da muke cin abinci, ina ba ka labarin firij?"

"Na sani, Malam."

Da zai zage shi da ya fi sauƙi. Bai zage shi ba. Ya tsaya yana kallonsa kamar yadda ya kalli layin samarin ɗazu, yana neman wata fuska. Elyor ya so ya sunkuyar da kai, farantan suka tokare masa haɓa.

Alhaji ya kama gwiwar hannun Malam. "To, maganar da ka zo da ita, riƙe abarka, ban ji ba. Ranar Litinin ka zo babban sito. Yaron nan ma ya zo, shi zai zare filogin a gaban kowa, tun da ya iya. In buhu bai maimaita ba, mun gama magana. Mu je in sauke ka."

Malam ya yi taku biyu, ya waiwayo.

"Ka rubuta a inda ka rubuta na farko. Ka nuna layin, don wasu ma sun kwafi gadarka."

"Zan rubuta."

"Da sunan da babanka ya raɗa maka."

"To, Malam."

Suka fita. Maigida ya miƙa wa wani sabon baƙo hannu biyu, ya yi masa maraba, ya tambayi iyali. Sai da baƙon ya shige ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kai farantan ciki. Ni da kai sai an gama biki."

Elyor ya ratsa tsakar gidan. Hanyar ba ta taɓa yi masa tsawo haka ba. Samarin layi suka buɗa masa, wani ma ya kau da kai. A bayan tukunya ya dire kayan, ya goge hannu a wando, ya ciro waya. Yatsunsa da maiƙo, allon na zamewa. Ya shiga zaure, ya cire tsuntsun, ya goge Shaho ya sa Elyor Ergashev. Ya fara rubutu, wannan karon bai goge ba.

Mai dafa osh, ƙaton mutum da tawul a wuya, ya zo yana kwashe farantan. Ya tsaya a kan na sama, ya ɗaga tsokar da cokali ya juya ta.

"Dubi! Tun jiya nake kan naman nan. Wane ɗan gata ne aka tura wa wannan ya bari?"

"Ni ne," in ji Elyor, bai ɗago daga wayar ba.